Garin Gwangwani a Tuwon Baturiya

A Ƙofa aka yi wannan abu, a unguwarmu, daga ƙarshen kaka zuwa ƙaramar sallar shekarar 1959. Na jira wani babba ya faɗe shi yadda ya faru, ba wanda ya faɗa. Abin da ake maimaitawa a bakin rijiya da ƙofar masallaci rabin maganar ne, kuma rabin da ya fi sauƙin faɗa. Ni ɗaya rabin zan faɗa, ko da za a ce na yi rashin kunya.

Ladan, wani magidanci a unguwar, ya yi rani biyu a Kano. Mutanen gari ya gaya musu dako yake yi a kamfanin gyaɗa. Alhali a gonar wani Bature yake, can bayan birni, inda ake kiwon aladu, kuma shi ne mai dama musu abinci. A can ya ga ana ɗiban wani farin gari daga gwangwani ana barbaɗawa a abincin, ya ga dabbobin suna kumbura kamar ana hura su. Da zai dawo gida ya zo da gwangwani ɗaya babba, ya sa wuƙa ya kankare hoton aladen da ke jikinsa, ya raɗa masa suna garin ƙarfi.

Da aka gama girbi ya sayo bijimi a kasuwar Dangora, ramamme, haƙarƙari duk a waje, ya ce zai turke shi ya sayar wa mahauta da salla. Ya zauna a zaurensa ya cika baki a gaban jama'a. Ya ce kiwon da mutane ke yi a wata takwas shi a wata huɗu zai gama, don Turawa sun tattara duk amfanin da ke cikin ciyawa da ganye da nono sun mayar da shi gari. Cokali ɗaya, in ji shi, ya fi dami goma na harawa.

Bijimin bai yarda da wannan bayani ba. Ranar farko da aka dama masa dusa da garin, ya sunsuna, ya hura hanci, ya juya baya. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ya sa ƙaho ya kifar da komin, ya tsinke igiya, ya bi lungu ya zagaya bayan gida. A can aka same shi yana cin zogalen Baturiya kamar zai haɗiye da rassan.

Baturiya gwaggon Ladan ce, yayar mahaifinsa. Mijinta ya mutu, ba ta da ɗa mai rai, tana zaune a ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafi. Ba ta taɓa zama kaya a kan kowa ba. Kaɗi take yi, zarenta siriri ne mai santsi, Habu masaƙi ba ya bari ya kwana a hannunta. Da kuɗin zaren take samun nono wurin matan Fulani, da ɗan man ja, da tsire jefi-jefi ranar kasuwa. A bayan gida kuma tana da zogale guda bakwai da ta dasa da kanta. Ruwan alwalarta da na wanke-wanke duk a gindinsu take zubawa, shi ya sa ko rani ya kai inda ya kai ba sa rasa ganye. Kullum da la'asar za ka gan ta da ƙwaryar kwaɗo a cinya, tana ci tana tsokanar duk wanda ya wuce.

Ladan ya tsaya ya daɗe yana kallon yadda dabbar ke cin ganyen. Washegari ya cire turken ya kafa shi a bayan gida, ya saro ƙaya ya kewaye wurin duka, har da itatuwan. Baturiya ta zo da ƙwaryarta ta tarar da hanya a toshe.

"Ladan, wannan ƙayar ta mece ce?"

"Don kada awaki su shiga, Gwaggo."

"Ni ce akuyar?"

Ya yi dariya, ya ce ita dai bakinta ba ya tsufa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai ita ce ta yi sa'a. Dabba ce ta ƙi abin arziki saboda jahilci, ita kuwa daga yau abin da Turawa ke taƙama da shi za ta riƙa ci, ta huta da tsinkar ganye kamar wata talakar ƙauye.

Daga ranar tsarin gidan ya canza. Dusa da tunkuza da wake da gyaɗar miya duk suka koma komin bijimi, miya ta ragu a tukunya. Ladan ya gaya wa matarsa Hajara yadda za ta riƙa rabawa: akushinsa na zaure da miya, kwanon yara da miya, ita ta kalace tukunya. Na Gwaggo kuwa gayan tuwo, a barbaɗa masa cokali ɗaya na garin ƙarfi. Ba don ƙiyayya ya yi haka ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Ya riga ya yi alfahari da gwangwanin a zaure, yana bukatar wani a gidansa da zai ce yana ci. Ya duba, ya ga wadda ba ta da mai tsaya mata.

Garin ɗanɗanonsa kamar an niƙa allin kaɗi da ƙashin kifi. Daren farko Baturiya ta kai loma baki, ta ajiye, ta dubi Hajara ta ce dabba marar hankali ta ƙi, ita mai hankali aka kawo wa. Hajara ta sunkuyar da kai ta ce ta yi haƙuri, haka Malam ya ce. Baturiya ta karkaɗe garin ta ci gayan. Da Ladan ya ji, sai ya ce a riƙa tuƙa mata nata daban, a zuba garin tun a tukunya.

Wata na farko ta riƙe kanta da nonon Fulani. Amma rani ya shigo, shanu suka yi kudu wajen Doguwa neman ciyawa, nono ya yi wuya. Gefen bakinta ya tsage. Fatar hannunta ta bushe tana tashi kamar ta ƙadangare. Ita mai yawan magana sai ta koma tana zama shiru a bakin ƙofa, mazari a hannu.

Cikin wata na biyu dundumi ya kama ta. Da rana tana gani, da zarar an kira magariba sai duniya ta rufe mata. Ta fara da neman buta tana lalube a inda ba ta nan. Wata rana ta yi karo da turmi ta fasa ƙauri. Ta kira Ladan ta gaya masa, ba da faɗa ba. Ta ce ba ta roƙi nama ba, ba ta roƙi miya ba, ya buɗe mata kafa ɗaya kawai a ƙayar nan ta riƙa tsinkar abin da zai cika tafin hannu. Ya ce tsufa ne, duk wanda ya kai shekarunta haka yake. Ya ce in ya buɗe kafa ɗaya yau, gobe matan unguwa ne za su bi ta ciki. Ya ce ma ba don garin ƙarfi ba da tuni ta kwanta, ya kamata ta gode.

Bijimi kuwa ya murje. Tozo ya tashi, gashi yana sheƙi, in ya taka ƙasa sai ka ji. Mutane suna zuwa kallo ta saman danga, Ladan yana tsaye yana cewa aikin garin ƙarfi ne. Ba wanda ya tambaya me ya sa itatuwan zogalen suka koma sanduna.

Sai zaren ya fara lalacewa. Idon da ke ganin siririn zare tun kafin a haifi Ladan ya fara yi mata hazo har da rana, yana ƙaiƙayi, yana bushewa, ko ta yi kuka hawaye ba ya zuwa. Zaren ya fito da kullutu, nan kauri nan siriri. Habu masaƙi ya karɓi na farko don kunya. Na biyu ya dawo da shi da kansa, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, Iya, wannan ko abawa bai kai ba, a kan masaƙa tsinkewa yake yi. Ta shafa zaren da yatsu, ta ji gaskiyarsa, ba ta yi musu ba. Daga ranar babu zare, babu man ja, babu komai sai abin da aka miƙo mata daga madafi.

Ta yafa mayafi ta tafi wurin mai unguwa, da hantsi, lokacin da take iya ganin hanya. Ya saurare ta, ya ce ai maganar cikin gida ce. Ya ce yaron nan yana ƙoƙari, in bijimin ya yi kasuwa kowa a gidan zai ji daɗi, har da ita. Ya ce akwai tsofaffi a garin nan da ko gayan ba sa samu. Ya sa aka rako ta gida. Da yamma ya bi ta ƙofar Ladan, suka yi hira, ya leƙa bijimin ya yaba, bai ta da maganar ba.

Azumi ya kama cikin tsananin bazara. Baturiya ta ɗauka kamar kowa, ta yi sahur da gaya ta sha ruwa da gaya. Ran biyar ga wata, ana dab da shan ruwa, hankalin kowa yana kan koko, ta lallaɓa ta bi bango zuwa bayan gida. Ta san inda itacen ƙarshe yake, wanda reshensa ya leƙo kusa da danga. Amma rana ta faɗi kafin ta isa, idon ya rufe. Ta miƙa hannu cikin duhunta, ta faɗa kan ƙayar da fuska da ƙirji. Hajara ce ta ji nishinta, ta zo ta janye ta, ta zauna tana cire mata ƙaya ɗaya-ɗaya da allura. Ladan ya zo ya tsaya a kansu, abin da ya fara tambaya shi ne ko ta firgita dabbar. Daga baya ya ce wannan ai abin kunya ne, mace da girmanta tana satar abincin dabba a cikin azumi.

"Nawa ne," in ji Baturiya. "Ni na dasa."

Ya ce ƙasar gidan tasa ce.

Ran goma ga azumi Malam Adamu, malamin dabbobi, ya zo daga Tudun Wada a kan kekensa don yi wa shanun gari allura. Ladan ya matsa masa sai ya zo ya ga bijiminsa, ya kuma tattaro mutane su biyo. Malam Adamu ya zagaya dabbar, ya daddanna tozo, ya buɗe baki ya duba, ya ce lalle an yi kiwo. Ya tambayi abin da ake ba shi. Ladan ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin a rungume, ya miƙa masa a gaban kowa.

Malam Adamu ya juya gwangwanin, ya karanta rubutun da wuƙa ba ta kankare ba, ya buɗe ya sunsuna. Ya tambayi Ladan inda ya samo shi. Ladan ya ce wani Bature ne ya ba shi a Kano. Malam Adamu ya ce ya san irinsa, na aladu ne, a gonakin Turawa ake amfani da shi. Ya ce ba abinci ba ne, ƙari ne, ɗan kaɗan ake zubawa a buhu guda, kuma can ma sai an haɗa wa dabbobin da tunkuza da ɗanyen ganye da tsala. Ya ce wannan ɗin ma zafi ya kashe shi tun tuni, ya dunƙule ya yi wari, ba abin da ya rage a ciki sai alli. Sannan ya nuna kashin bijimin da ƙafa, ya ce wannan dabba ɗanyen ganye take ci, ba ta taɓa haɗiyar garin nan ba.

Ya sake leƙa cikin gwangwanin.

"To amma ya wuce rabi. Wa ke cinye shi?"

Sai murya ta fito daga bayan zana, inda Baturiya ke zaune tana jin komai.

"Ni ce, ɗan nan. Wata huɗu ke nan."

Malam Adamu ya nemi izini ya shiga. Ya sa aka fito da ita rana, ya ɗaga fatar idonta da yatsa. Na dama ya yi fari a tsakiya, ya bushe kamar ɓawon albasa. Na hagu da saura. Ya ce shi malamin dabbobi ne ba na mutane ba, amma ya ga irin wannan a maruƙan da suka yi rani ba ɗanyen abu, kuma maganinsa ba ɓoyayye ba ne. Hanta, zogale, man ja, nono in an samu, kullum, tun daga yau. Ta ajiye azumi, ba ya kanta. A kai ta ɗakin shan magani su duba. Ya ce na dama ya tafi, amma in an yi sauri na hagu zai tsaya, in kuwa aka yi sati biyu shi ma zai bi. Ya faɗa sau biyu, yana kallon Ladan. Sannan ya hau kekensa, don shanun Dangora na jiransa.

Na ɗauka daga nan maganar za ta gyaru. Duk wanda ke wurin ya ji abin da aka ce game da idon. Amma kafin la'asar kalma ɗaya ce kawai ta fita daga gidan ta zaga gari, ita ce alade.

Matan unguwa suka aiko aka kwashe musu kwanukan da suka taɓa aika wa Baturiya. Wata ta ce dama ta lura warin ɗakin ya canza. Wata ta ce sai ta wanke baki sau bakwai da ƙasa kafin sallarta ta karɓu. Maƙwabciyar da ke zuwa yi mata tsifa ta daina zuwa. Habu masaƙi, da ya ci moriyar hannunta shekara ashirin, ya koma gaishe ta daga waje, yana sauri. Yara suka sa mata suna, ba zan rubuta shi ba.

Aka kai maganar gaban liman, a can Ladan ya amsa cewa a gonar aladu ya yi aiki. Ya aika aka tambayi Malam Adamu ko akwai naman haram a garin, aka dawo da amsa cewa babu, ba komai a ciki daga jikin dabbar. Liman ya ce to babu zunubi a kan wadda ta ci. Shi kuwa Ladan, tun da ya yi wa aladu hidima kuma ya ɓoye, ya tuba ya yi sadaka. Ladan ya auno dawa ya raba a ƙofar masallaci, ya yi kuka a gaban dattawa, suka dafa kafaɗarsa suka ce ƙuruciya ce. A kwana uku ya wanku tas. An yi zama biyu a kan maganar, ba wanda ya ce a buɗe ƙayar.

Gwangwanin ya jefa shi a masai. Tuwon Baturiya ya koma gaya zalla.

Ta kira shi ta tuna masa abin da malamin ya ce. Ya ce ita ta ja masa wannan tonon silili, da ta yi shiru a bayan zana da ba wanda ya ji. Ta ce ta ji, ta yi laifi, yanzu maganar ido take yi. Ya ce mahauta sun riga sun zo sun ga dabbar, in ya rage mata ganye yanzu za ta zube, kwana nawa ne ya rage? Ya ce hanta ba a samun ta a azumi sai an yi rububi. Ya ce ɗakin shan magani da nisa, jakinsa yana jigilar harawa. Ya ce ta yi haƙuri zuwa salla, ranar da aka yanka bijimin nan hantarsa gaba ɗaya tata ce, ya yi alkawari, Allah shaida.

"Malamin sati biyu ya ce, Ladan."

"Malamin dabbobi ne, Gwaggo. Shi da bakinsa ya faɗa."

Hajara ta gwada. Ba zan zalunce ta ba, ta gwada. Kwana biyu a jere, in Ladan ya tafi masallaci, takan zura sanda ta saman ƙaya ta karyo ɗan reshe, ta dafa a ɓoye cikin ƙaramar tukunya ta kai wa tsohuwar. Rana ta uku ya ga karyayyen reshen. Bai doke ta ba. Ya kira ta tsakar gida ya ce in ta sake, ta haɗa kayanta ta koma Kiru gidan ubanta, yaran kuma a nan za su zauna. Da ta kawo tuwo da yamma ta durƙusa a ƙofar ɗakin ta ce, Gwaggo, ki yafe mini, ina da 'ya'ya. Baturiya ta ce ta tashi, ba ita ta kafa turken ba.

Sauran kwanakin ba su da labari mai yawa. Tana zaune a bakin ƙofa, tana rufe idon dama da tafin hannu tana gwada na hagu. Da farko tana ganin mutum ta gane shi. Sannan sai inuwarsa kawai. Sannan ta koma tana tambayar Hajara ko akwai hadari ne, ta ga gari ya yi duhu, alhali rana tana tsaka. Idon ya fara ruwa mai kauri, ƙudaje suka same shi. Tana jin bijimin a bayan bangon ɗakinta, taku goma tsakaninsu, yana tauna.

Ina so in tambayi mutanen unguwarmu, su da suka san hukuncin kwano da na wankin baki. Gida nawa ne a Ƙofa ba su da ko itacen zogale ɗaya, ko busasshiyar rama a rataye? Wa ya hana ku aika mata tafin hannu ɗaya? Kun ji tsoron garin da liman da kansa ya ce ba komai a cikinsa, ba ku ji tsoron mace ta makance a tsakiyarku da yunwa ba. Kun zauna sau biyu a kan abin da Ladan ya yi wa aladu a Kano. Abin da yake yi wa yayar ubansa a nan, a gabanku, kullum safe da yamma, kun ce maganar cikin gida ce. Ni ma ina cikinku, na ji, na gani, na yi shiru don an ce ba a sa baki a maganar manya.

Ranar jajibere mahauta suka zo suka ja bijimin, mutum huɗu da igiya biyu, yara na binsu. Da asuba aka yanka. Gari duka ya ci namansa, ana cewa an daɗe ba a ga kitse irin wannan ba.

Bayan an sauko daga idi Ladan ya shigo gida cikin sabuwar riga, 'yan barka da salla na biye da shi. Ya riƙo faranti da kansa, hanta a kai, gasasshiya, tana turiri. Ya sa Hajara ta fito da tsohuwar ta zaunar da ita a tabarma a tsakar gida, inda kowa zai gani. Ya ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Gwaggo, ga alkawari na cika. Ga hantar da malamin ya ce."

Baturiya ta miƙa hannu biyu. Ta miƙa su wajen rumbu, inda ba kowa. Ladan yana tsaye a damanta da farantin. Cikin masu gaisuwa wani ya yi tari, wani ya juya yana gyara hula. Hajara ce ta kama hannuwan ta juyo da su, ta ɗora a kan farantin.

Tsohuwar ta shafa naman da yatsu, ta ji ɗuminsa.

"Ta bijimin ce?"

"Tasa ce, Gwaggo."

"Ya yi ƙiba?"

"Ya yi. Kowa ya yaba."

"To madalla," in ji ta. "Ɗayanmu ya amfana."

Ta ci, a hankali, har ta cinye, don tana jin yunwa. Ladan ya koma zaure yana gaya wa mutane shi dai ya sauke nauyinsa, saura na Allah ne. Da ta gama ta goge hannu a zane, ta ce wa Hajara ta zo ta ja ta zuwa inuwa, tana jin rana na dukan fuskarta amma ba ta san ta wane gefe take ba.